Hancin Aro na Inna Zinariya

Duk wanda ya taɓa bi ta layinmu a Tudun Wada da hantsi ya san gidan Inna Zinariya ko ba a nuna masa ba, hancinsa ne zai kai shi. Wani tsami-tsami ne ke fitowa ta zauren gidan, haɗe da ƙamshin citta da kanumfari. Mu da muka tashi a nan mun daina jin sa tuntuni, sai baƙo ne ke yamutsa fuska. Ni katanga ɗaya ce ta raba ni da ita, gajeriya kuwa, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. Sunana Atika, ɗinki nake yi a tsakar gidanmu, kuma ban musa ba, ina da sa ido. Keken ɗinkin nan ma da gangan na ajiye shi daidai inda nake hango randunanta.

Sunanta na yanka Ishatu, amma ban da mijinta babu mai kiran ta haka. Sana'arta kamu. Ta jiƙa gero, ta wanke, ta zuba kayan ƙamshi, a kai inji a markaɗo, ta tace, ya kwanta, ta tsiyaye ruwan, ta cura, mata su aiko a saya su dama koko. Wajen mahaifiyarta ta koya a Tudun Jukun, tun tana taka turmi kafin ta iya leƙa cikin randa. Da aka kawo ta Tudun Wada da aure, randuna biyu na cikin kayan ɗakinta. Yanzu bakwai ne jere a gindin bango, kowace da faifanta a baki. An sha kawo mata manyan robobi na zamani, sai ta yi godiya ta zuba wanki a ciki.

Wata rana, don neman magana, na leƙa ta katanga na ce, "Inna, wai mene ne abin wahala a jiƙo? Ba ruwa ake zubawa a kan gero a tafi a bar shi ba?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan wanka kika yi masa, 'yar nan, ba jiƙo ba. Jiƙo shi ne ki bar ruwa ya ratsa har cikin ƙwayar, ya tausasa ta, ya fara fito da abin da ke cikinta, sannan ki raba su tun ruwan bai cinye ta ba. In kika yi gaggawa, gero na nan da taurinsa, inji ya bar miki tsaki, rabin wahalarki ta tafi a dusa. In kika yi sake ya wuce, ya yi wari, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta sa baki. Tsakanin biyun nan kuwa, in da zafi ne, bai fi daga hantsi zuwa azahar ba."

Na ce to ai sai ta riƙa duba agogo. Ta yi dariya har da tafa hannu. Sabon gero daban, in ji ta, wanda ya shekara a rumbu daban. Ruwan rijiya daban, na famfo daban. Da sanyi sai ya kwana biyu bai ce komai ba, da bazara kwana ɗaya ma ya yi yawa. Wane agogo ne ya san wannan?

Abin da ya sani shi ne hancinta. Kullum da safe za ta bi randunan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga faifai, ta sunkuya, ta ja numfashi sau ɗaya. Sai ka ji ta ce "da saura," ko "ya yi." Ko yatsa ba ta tsomawa. Shekara da shekaru ban taɓa jin an dawo mata da kamu ba. Daga Gyallesu ake aikowa, daga Dutsen Abba ake aikowa, ana tsallake masu kamu nawa a hanya.

Abin dariyar shi ne mutumin da Allah ya haɗa ta da shi. Malam Kailani duba-gari ne, shekara talatin da biyar yana wannan aiki. Gida-gida yake shiga da kakinsa, yana leƙa kwata, yana buɗe randunan mutane ko zai ga tsutsa, yana faɗa a kan ruwan da ya kwana. In aka ce ga shi nan a bakin layi, sai ka ga mata na ta guje-guje da tsintsiya. To wannan mutumin shi ne zai taso daga aiki ya tarar da randa bakwai na ruwan da ya kwana a cikin gidansa. Tun daga zaure yake farawa.

"Ishatu, da gidan wani ne wannan, da tuni na rubuta takarda."

"Rubuta mana, Malam," in ji ta. "Amma gobe da safe kada ka miƙo kofi."

Kofi biyu na koko yake sha kullum, har da suɗe cokali. Amma a shekara arba'in da ɗaya da suka yi tare bai taɓa taka wannan kusurwa ta randuna ba. In zai wuce, sai ya yi baya-baya yana toshe hanci da gefen rigarsa, ita kuma ta bi shi da harara tana murmushi.

Da ya yi ritaya sai abubuwa suka canja. Mutumin da ya saba a miƙe tsaye in ya shiga gida ya koma zaman zaure da rediyo. Watannin farko ya riƙa duba kwatocin maƙwabta ba wanda ya sa shi, har da tamu, sai da ya lura ana yi masa "to, Baba" ana wucewa. Daga nan ya yi shiru. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa, ni na rage masa guda uku. Ya koma kwanciya bayan sallar asuba har rana ta take, mutumin da a da shi ke riga kowa fita a layin. Faɗan wari ma ya daina, kuma wannan shi ya fi damun Inna Zinariya, ko da yake ba ta faɗa ba.

Shekara uku da suka wuce, saura kamar wata guda da rabi azumi, wata mura mai zazzaɓi ta kwantar da ita mako guda. Ta warke, ta miƙe, ta koma bakin randunanta. Kwana kaɗan sai ga Hajiya Bilkisu ta Gyallesu, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen kamu a wajenta, ta zo da kanta, ba aike ba, da kwano a rufe. Ta zauna, aka gaisa, aka tambayi jiki. Sannan ta buɗe kwanon ta ce a hankali, "Inna, ko dai an sami kuskure? Alhaji ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye."

Daga inda nake zaune sai da warin ya iso ni. Inna ta karɓi kwanon, ta kai hanci, ta daɗe, ta ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Geron ne." Ni dai na san ba ta taɓa ɗora wa gero laifi ba.

Tsoro ya sa ta koma tsame jiƙon da wuri. Sai kuma Nagoda mai inji ya aiko cewa geron Inna na ba injinsa wahala, ƙwaya na fita da ranta. Koko ya koma gari-gari a baki. Yau ya wuce, gobe bai kai ba. Masu aike suka fara raguwa, ina ƙirga sallamarsu daga kan kekena, raina na ɓaci. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da kowane gida ke neman kamu, lokacin da ko dai a tabbatar da sunan mai sana'a ko a manta da ita.

Wake ne ya tona asirin. Ta ɗora shi a murhu ta juya baya tana tata, ruwan ya ƙone, ƙauri ya cika gidansu ya tsallako namu, ita ko gezau. Na zaga da gudu na sauke tukunyar. Ta dubi hayaƙin, ta dube ni, sai ta zauna a kan turmi.

"Hancin ya mutu, Atika," in ji ta. "Tun murar nan. Ko turare na shafa ba na ji. Harshen ma rabi-rabi yake. Na je asibiti a ɓoye, sun ce wataƙila ya dawo, wataƙila ba zai dawo ba."

Ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar, kuma ni ma sai da na taya ta. Ta kama hannuna ta ce kada Jafaru ya ji. Jafaru babban ɗanta ne, yana aiki a Kaduna, ya daɗe yana roƙon ta ta bar wahalar nan ta huta. In ya sami wannan hujja, in ji ta, mota zai turo a kwashe randunan, da kyakkyawar niyya kuwa, ita kuma ta koma zaman jiran abinci. "Biyu daga cikin randunan nan na uwata ne. In aka ɗauke su, ni wace ce a layin nan?"

Na bugi ƙirji na ce ga hancina, ta ara. Kwana uku ina zagayowa da safe ina sunkuya a bakin randuna. Kowace na buɗe sai in ce, "Tsami, Inna."

"Wane irin tsami?"

"Irin na tsami mana."

Ta ce Allah ya shirye ni, hancina na riƙe gilashi ne kawai. Da gaskiyarta. Ni randa ta farko da ta bakwai duk ɗaya na ji su.

A rana ta huɗu muna tsugune mu biyu muna gardama a kan wata randa, sai ga Malam Kailani ya fito daga banɗaki da buta a hannu. Ya tsaya nesa kamar yadda ya saba. Bai dube mu ba, sama yake kallo.

"Ta ukun nan daga bango," in ji shi, "in ta kai azahar, ba za ta shawu ba."

Inna ta tsoma hannu, ta ɗebo gero, ta murza tsakanin yatsu biyu. Ya narke lugub, bai yi yauƙi ba. Ta ɗago kai a hankali.

"Malam, ya aka yi ka sani?"

"Shekara arba'in da ɗaya ina shaƙar abin nan dole, Ishatu. Tun daga zaure nake sanin ranar da koko zai yi daɗi." Ya ajiye butar. "Kuma mako uku ke nan kina ba ni abin da da a gidan wani na same shi, sai na sa an zubar a gabana. Ina shanyewa ne ina jiran ki faɗa mini da bakinki."

Ta rufe fuska da gefen mayafi, ban san ko kunya ba ce ko dariya, ina jin duka biyun ne. Shi kuwa ya gyara hularsa, ya mayar da hannuwa baya, ya tako. Wallahi sai da na ƙirga, taku tara ne tsakanin inda yake tsayawa da gindin bangon nan, kuma ranar ya fara yin su.

Ba a rana ɗaya abin ya daidaita ba. Shi yana ji amma bai san me yake nufi ba, ita ta sani amma ba ta ji. Sai ta riƙa ɗaga faifai, shi ya sunkuya, ya faɗi abin da ya ji da yarensa na aiki, ita ta murza ƙwaya ta gwada. In ya ce "ƙasa ce bayan yayyafi," to da saura. In ya ce "nonon safe," ya yi. In ya ja baya ya ce "kwatar bayan kasuwa," sai salati, an yi asara. Sun yi faɗa ba sau ɗaya ba. Ya ce tana katse shi yana tsakiyar bincike, ta ce yana ja mata rai kamar alƙali. Amma cikin kwana goma ba su sake zubar da randa ko ɗaya ba.

Ya ɗauki abin da gaske fiye da yadda kowa ya zata. Ya daina shafa turare da safe. Goro ma sai an gama zagaye yake ɓarawa, wai yana dushe masa hanci. Ya gano cewa randar da ke kusa da murhu tana riga sauran da kusan awa biyu, ya sa aka matsar da ita. Ya hana a zuba ruwan jiƙo a kwata, sai dai a gindin bishiyar gwaibar gidan, ya ce wannan kam tun shekara arba'in ya so ya faɗa. Ya koma zagaye biyu a rana, da hantsi da bayan la'asar, ba wanda ya roƙe shi na biyun.

Mun so abin ya tsaya tsakaninmu mu uku, don kunyar namiji a bakin randa. Ina! A Tudun Wada? Nagoda ya zo kawo markaɗe da kansa wata safiya ya tarar da Malam da kai cikin randa. Kafin azahar majalisar ƙofar masallaci ta ji. Da yamma suka tare shi da dariya, wani ya ce, "Malam Kailani, an ce an koma sana'ar kamu?"

"Duba-gari nake yi," in ji shi, ko murmushi babu. "Gida ɗaya ne ya rage ban taɓa dubawa ba, shi nake ramawa."

Abin da bai faɗa musu ba, kuma bai faɗa wa kowa ba, shi ne dalili. Har yau a layin nan ana ɗauka rashin aikin yi ne ya kai tsoho bakin randa. Ya gwammace a yi masa dariya da a ce hancin matarsa ya mutu.

Azumi ya kama. Inna ta cura kamu mai kyau ta aika wa Hajiya Bilkisu kyauta, ba ta haɗa da wani bayani ba. Washegari kwanon ya dawo tare da wasu kwanoni biyu na maƙwabtan Hajiya. Kafin goma ga wata sallama ta dawo har ta fi da, in la'asar ta yi sai an yi layi a zaure. Jafaru ya zo da Sallah, ya tsaya yana kallon mahaifinsa yana bin randuna da hannu a baya, mahaifiyarsa na biye da shi da faifai. Bai ta da maganar hutu ba. Da zai koma ma sai da ya roƙi curi shida.

A nan na ɗauka labarin ya ƙare, sai a daminar da ta wuce. Na sayi wani sabon turaren wuta a wajen wata mai talla, na zuba a kasko a ƙofar ɗakina. Inna na shanya a gefen katanga, Malam ya tafi masallaci. Sai na ji ta ce, "Atika, wannan ba na wajen Hanifa ba ne. An cika masa sukari, shi ya sa yake ƙauri."

Hanifa ita ce mai haɗa mana turare a unguwa. Na tsayar da keke. Ita ma ta tsaya, da zane a hannu, ta dafe baki.

"Inna," na ce. "Tun yaushe?"

Ta waiga ta dubi zaure, ta matso. "Tun kafin Babbar Sallar bara. Kaɗan-kaɗan ya riƙa dawowa. Albasa na fara ji."

"Fiye da shekara! Shi ne kika bar tsoho na ta sunkuya da ciwon bayansa?"

"Ke da kike rage masa riguna, yaushe rabon da ya kawo miki?" in ji ta. Da gaskiyarta, don kuwa bana ma sai da na buɗa masa guda biyu. "Yanzu kafin in tashi ya riga ni. Yana cin abinci, yana faɗa, ya dawo mutum. Shekara arba'in da ɗaya ina so mutumin nan ya zo ya ga abin da nake yi, bai zo ba. Yanzu da Allah ya kawo shi, ni ce zan buɗe baki in ce masa an sallame shi a karo na biyu?"

Na ce to in ya yi kuskure fa?

"Sau biyu ya yi. Na ce yatsuna ne ba su yarda ba, a ƙara masa awa ɗaya. Ya ce dama yana kokwanto." Ta nuna ni da yatsa. "Shi ya rufa mini asiri gari na yi masa dariya. In kika faɗa, ko ɗigon kokona ba za ki sake sha ba."

Ban faɗa masa ba. Malam ba ya karanta komai yanzu sai Alƙur'aninsa, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubutawa, kuma ku ma na ba ku amana.

Yau da safe ma ina kan keke na gan su. Shi a gaba, hula a gyare, hannuwa a baya. Ita a gefe. Ta ɗaga faifan randa ta biyar, ɗaya daga cikin na mahaifiyarta, na ga hancinta ya ɗan motsa, na san ta riga ta ji. Ta ja gefe ta ba shi wuri. Ya sunkuya, ya ja numfashi, ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya daɗe yana kallon sama.

"Nonon safe," in ji shi. "Ya yi, Ishatu. A tsame."

"To, Malam," in ji ta. "Da ba don kai ba, da ban sani ba."

Ya wuce randa ta shida yana taku kamar ranar da aka fara ba shi kaki, ita kuma ta jawo kwando.